Ƙunshin Jajiberen Sallah

Batsari, bayan an gama kai amfanin gona gida

Zuwa ga taubashina Ya'u, ɗan Kawu, sarkin noman Runka mai gona kamar tabarma.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da yara, Surajo da Salmanu. Ya jikin maiɗakinka Hussaina? Tun da ɓarin jikinta ya shanye ban zo duba ta ba, ka san kuma ba ƙi na yi ba, hanyar ce. Allah ya tashi kafaɗunta. Tunda ɓarayin daji sun raba ka da wayarka, sai mu koma takarda irin ta iyayenmu. Sagiru direba ya ce zai riƙa kai mana duk ranar da hanya ta yi kyau.

'Yarka Ikilima ta iso lafiya, na ba ta ɗakin da nake ajiye gyaɗa. Washegari na kai ta wurin Malam Tayyib, mai koyar da masu shirin jarrabawar JAMB ta shiga manyan makarantu a zaurensa. Tsohon malamin sakandare ne, daga Ruma ya yi gudun hijira ya dawo nan. Ya yi mata tambayoyi a Turanci da Bayoloji, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce mini, "Hajiya, wannan in ta samu wata biyar a hannuna, karatun jinyar da take so ba zai gagare ta ba." Na ce masa ƙwaƙwalwar ta wajen uwa ce, don uban na san shi tun yana cin ƙasa.

Abu ɗaya ne cikas. Jarrabawar a kwamfuta ake yin ta, 'yarka kuwa ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba. Malam yana da guda ɗaya tsohuwa, layi suke bi. Ranar farko da aka ce ta motsa abin da ake nuni da shi, sai ta ɗaga shi sama tana kaɗawa, zauren ya kwashe da dariya. Ta dawo gida ta ƙi cin tuwo. Yanzu kam ta fara sabawa.

Af, kada in manta. Malam ya ce kwamfuta ba ta buɗewa sai an yi mata sallama an tambaye ta ya iyali. Ka fara koya tun yanzu, kada wata rana ka ba mu kunya a birni.

Ka gaida Hussaina, ka ce ta kwantar da hankalinta, 'yarta tana hannuna.

Taubashiyarka,
Mahfuza

Runka, cikin sanyi

Zuwa ga Mahfuza 'yar Gwaggo, mai ƙuli-ƙulin da ke karya haƙori.

Wa alaikumus salam. Mun ga takardarki, mun gode, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Muna lafiya. Jikin Hussaina da sauƙi. Hansai matar maƙwabcina ce ke shigowa ta juya ta, ta ɗora wa yara tukunya.

Allah ya isa tsakanina da ke. Na ɗauki maganar sallamar kwamfuta na kai majalisa bayan la'asar, na faɗa da gaske har ina gyara murya. Sagiru na wurin. Dariya ya yi har hularsa ta faɗi, yanzu duk inda na bi a kasuwa sai a ce, "Malam Ya'u, ya iyalin kwamfuta?" Tun muna yara kike mini haka, ke ce kika sa na tsaya gadin ƙwan zabo wai zai fashe da kuɗi. Na rantse wannan ne na ƙarshe.

Yanzu ga magana ta gaskiya, ba wasa. Shekarar nan kaɗai nake iya ba yarinyar. Hansai ta yi mana alkawari zuwa faɗuwar ruwa ne, daga nan ita ma gona za ta kira ta. In yarinyar ta ci, ƙanwata da ke Safana ta yarda ta dawo nan ta riƙe gidan har ta gama karatu. In ba ta ci ba, ba ni da bakin da zan roƙi kowa wata shekarar, gida za ta dawo. Kada ki gaya mata haka, nauyin zai yi mata yawa.

Uwarta ba ta tambayarta, kin san 'yar fari ce, ko sunanta ba ta taɓa kamawa ba. Amma duk ranar da ta ji ƙarar motar Sagiru sai ta ce a jingina ta da bango, ta yi ta kallon ƙofa. Da na karanta mata inda Malam ya yaba, ta juya fuska ta ce, "Ni ina ruwana." Daga baya ta ce in sake karanta wurin.

Ga gero kaɗan da kuka a hannun Sagiru. Ki gaida Malam Tayyib, ki ce wanda bai san shi ba yana yi masa addu'a.

Ya'u

Batsari, tsakiyar azumi

Ya'u,

Sallama da fatan ana shan ruwa lafiya. Ya ibada? Ya mai jiki? Shirunka ya yi yawa. Tun kafin azumi ban ga takardarka ba, Sagiru ya ce an tare hanya sau biyu ya ajiye mota. Duk dare ina sa ku a addu'a. Da na tambaye shi jikin Hussaina sai ya ce da sauƙi yana kallon taya, ban ji daɗin yadda ya faɗa ba.

Ikilima ta rame, amma ramar karatu ce. Da asuba bayan sahur ba ta komawa barci, tsofaffin tambayoyin jarrabawa take bi ɗaya bayan ɗaya. Ko tana taya ni murza ƙuli bakinta na motsi, sunayen ƙasusuwan jikin mutum take jerawa. Malam ya yi musu gwaji irin na gaske a kwamfutarsa, ita ta zo ta ɗaya. Wanda ya fi kowa yi mata dariya ranar farko yanzu shi ke zuwa ƙofar gidana da littafi.

An sa ranar jarrabawa, 'yan kwanaki ne bayan Sallah, a Katsina za ta rubuta. Malam ya fi son kada kowa ya yi tafiyar Sallah, ni ma haka na fi so.

Sannan ga wani abu, ka karanta wa Hussaina da Hansai. Lokacin rajista an ɗauki hoton yatsunta a wata 'yar na'ura, ranar jarrabawa kuma sai ta sake ɗora yatsa na'urar ta gane ta kafin a bar ta ta shiga. Malam ya ce na'urar ba ta gane yatsan da aka yi wa lalle. Ya tara 'yan matan ya ja musu kunne, ya ce bana babu mai ƙunshin Sallah. To ko da ta zo muku, kada a sa mata lalle. Ka ji dai, baƙauye, na'ura ba ta son kwalliya.

Ka rubuto, don Allah, ko layi biyu ne.

Mahfuza

Runka, goman ƙarshe

Mahfuza,

Sallama. Mun sha ruwa lafiya, Allah ya karɓi ibadunmu. Hussaina da sauƙi.

Ina roƙon arziki, ki turo yarinyar ta yi Sallah a gida. Na san abin da Malam ya ce, ki ba shi haƙuri. Uwarta ce ta nema. Shekaranjiya ta ce mini, "Waccan ba za ta zo Sallah ba?" Tun da muke ban taɓa jin ta nemi ganinta da bakinta ba, shi ya sa ba zan iya cewa a'a ba. Sagiru zai taho da ita ranar da ya kawo miki wannan, ya mayar miki da ita washegarin Sallah, in Allah ya yarda.

Maganar lalle kuwa, sannu da ƙoƙari. Da na'ura mai amsa sallama, yanzu kuma na'ura mai ƙyamar ƙunshi, gobe sai ki ce ba ta son mai warin daddawa. Wannan karon ba ki kama ni ba. Ban kai majalisa ba, ban kuma karanta wa kowa ba, balle a sake mayar da ni abin dariya har cikin gidana. Ki nemo wata dabarar.

Sai mun ga yarinyar.

Ya'u

Batsari, ranar da muka dawo daga Katsina

Ya'u,

Ba zan tsaya dogon gaisuwa ba, raina a ɓace yake. Ikilima ba ta rubuta jarrabawa ba.

Da na karanta takardarka na so in sake ja maka kunne, amma Sagiru yana ƙofa yana danna oda, babu lokacin amsa. Na bi ta har mota na ce, "Kin dai ji abin da Malam ya ce." Ta ce ta ji. Sai ga ta washegarin Sallah ta sauko da hannu cikin hijabi. Na ce ta fito da su. Ja wur, Ya'u, har ya yi baƙi-baƙi a kan yatsun, irin ƙunshin da aka bari ya kama sosai. Na ce, "Ke da kika fi kowa sani?" Abin da ta ce kawai, "Gwaggo, Inna ce ta sa mini." Na yi mata faɗan da ban taɓa yi wa ɗan da na haifa ba, ba ta ɗago kai ba.

Babu abin da ban gwada ba. Lemun tsami, toka, kananzir, sabulun wanki, har dutsen goge kaushi. Na zaunar da ita bakin rariya ina dirza tana cije leɓe. Jan ya dusashe, amma fatar yatsun ta saluɓe. Malam Tayyib da ya zo ya gani ya ce da na bari, dirzar ta ƙara ɓata abin. Wannan laifina ne, na ɗauka.

A wurin jarrabawar ta ɗora yatsa, na'ura ta ƙi. Aka goge, ta sake, ta ƙi. Aka gwada sauran yatsun. Ma'aikacin ya yi haƙuri da ita ƙwarai, ya ce ta koma gefe a gama da na baya, ya sake kiran ta, duk ɗaya. Ƙarshe suka rubuta sunanta suka ce ba su da ikon shigar da ita. Muna zaune a gindin wata bishiya 'yan ajinsu suka fito suna ta murna, wai tambayoyin Bayoloji duk waɗanda ta koya musu ne. Malam ya cire tabarau ya yi ta gogewa har muka hau mota.

Na rubuta maka a fili, ka mayar da shi wasa. Wata biyar yarinyar nan ba ta yi barcin kirki ba. Da ka buɗe baki ka karanta wa Hussaina layi ɗaya, da ba ta yi ba, ita ba mai son ɓata wa 'yarta ba ce. Ka ji tsoron dariyar majalisa, ga abin da ya jawo. Ka gaya wa Hussaina da kanka, ni ba zan iya ba.

Mahfuza

Runka

Mahfuza,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Babu Hussainar da zan gaya wa. Allah ya yi mata rasuwa kwana ɗaya bayan tafiyar yarinyar, da hantsi, an kai ta kafin azahar. Ni na hana Sagiru faɗa muku. Na ce a bari ta rubuta jarrabawarta da kwanciyar hankali, tunda abin da uwar ke so ke nan. Ina zaune a tabarmar gaisuwa ina ce wa kaina ko ba komai yanzu tana can tana rubutawa, sai ga takardarki.

Duk abin da kika faɗa a kaina gaskiya ne, ba ni da ja. Tun kafin azumi jikin ya rikice, ta daina cin abinci sai kunu. Na rubuta miki da sauƙi don haka ake faɗa, kuma don kada ki karanta a gaban yarinyar.

Bari in gaya miki yadda aka yi, don ki daina ganin laifinta. Ranar jajibere da la'asar Hussaina ta ce a kawo mata lalle. Hansai ta kwaɓa. Ta ce a jingina ta, sannan ta dubi yarinyar ta ce, "Ikilima, kawo hannunki." Mahfuza, da sunanta ta kira ta. Hansai sai da ta saki ludayi. Na ga yarinyar ta tsaya, ta dube ni, ta buɗe baki kamar za ta yi magana. Ni kuwa da na san abin da ke cikin takardarki, dariya na yi na ce, "Miƙa mata mana, ko ke ma Gwaggonki ta ruɗe ki da zancen na'ura?" Sai ta durƙusa ta miƙa.

Da hannu ɗaya ta sa mata, na hagu. Yatsa ɗaya sai ta huta kafin ta kama na gaba. Ni na riƙe ƙwaryar. Da ta gama ba ta iya ɗauri ba, ni na naɗe hannuwan da leda na ɗaure da tsumma, har ina tsokanar su. Ba ta saki hannun yarinyar ba har aka kira magariba. Tun da ta yaye ta ban taɓa ganin ta riƙe ta haka ba.

Yarinyar ta san abin da take bayarwa, ni ne ban sani ba. Ina jin ta ga abin da ke jikin uwarta fiye da yadda na yarda in gani.

Ki gaya mata rasuwar, ke ce kusa. Ki taho da ita in hanya ta yi kyau. Ki yafe mini, ki roƙa mini ita.

Ya'u

Batsari

Ɗan'uwana Ya'u,

Allah ya jiƙan Hussaina, ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, ya ba ka haƙuri da kai da yara. Da na san a kan tabarmar makoki takardata za ta same ka, da na karya alƙalamin. Ka yafe mini kalaman. Ni na saba maka da wasa har gaskiyata ta zama abin shakka.

Na gaya mata bayan sallar azahar, na kira matar Malam ta zauna da mu. Ba ta yi ihu ba. Ta yi salati, ta tambayi ranar, na faɗa. Ta lissafa kwanakin, sannan ta buɗe tafin hannunta ta duba, ta ce, "Ashe ranar da muke gogewa ba ta nan." Ya'u, na so ƙasa ta tsage in shige. Da hannuna na kankare abin da uwarta ta bar mata, ina yi ina zaginta.

Malam Tayyib ya zo gaisuwa. Ya ce wani lokaci akan sake ba waɗanda yatsansu ya ƙi wata rana, zai sa ido. Ya ce ko ba a ba su ba, zaurensa a buɗe yake gare ta baɗi, ba ya son komai. Ta yi masa godiya kawai.

Gobe za mu taho tare da Sagiru. Ta tattara kayanta duka, har bargon da na ce ta bari.

Mahfuza

Runka, bayan shuka ta fito

Mahfuza,

Sallama da gaisuwa. Ya ƙarin haƙurinmu? Mun gode da zaman da kika yi mana har bakwai, Allah ya bar zumunci. Ruwa ya sauka, mun shuka gonar bayan gari, ta nesa kam bana ma sai haƙuri. Yara lafiya, Salmanu ne kawai ke farkawa yana neman uwarsa.

Saƙon Malam ya iso cewa an ba su wata ranar. Sagiru ya kawo shi a kan lokaci, kada ki zarge shi. Na ce ta shirya, na ce zan san yadda zan yi da gidan. Ta ce, "Baba, wa zai dafa wa su Surajo?" Ƙanwata ta Safana mijinta ya kwanta ciwo, ba ta samu zuwa ba, Hansai kuma ta koma gona. Haka ranar ta zo ta wuce muna gida. Ga littattafan Malam nan a hannun Sagiru, ta ce a mayar masa ko wani zai amfana. Na ce ta riƙe ko ɗaya, ta ce a'a. Zancen baɗi ban san me zan ce wa Malam ba, kada in yi masa alkawarin da ba ni da iko da shi.

Ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba, ko a fuska. Da ta yi mini faɗa da na fi samun sauƙi.

Yatsun sun warke, fatar ta koma yadda take. A farce ne kawai lallen ya rage, inda dutsenki bai ci ba. Farcen yana girma, jan yana matsawa gaba, yanzu saura ɗan siriri a baki. Sun yi tsawo har suna kama mata tsumma in tana wanki, ɗaya ya tsage wurin surfe. Ranar Juma'a ina yanke wa yara farce kafin masallaci, na gama na miƙa mata rezar. Ta mayar da hannuwanta baya ta ce, "Baba, a bar su tukuna."

Na mayar da rezar aljihu, ban sake miƙa mata ba.

Ki sa mu a addu'a.

Ya'u